Dami a Ƙofar Maijidda

Duk unguwar Rikoto an san Maijidda mai waina da zargi. Ko gaishe ta ka yi da fara'a sai ta bi ka da ido, tana neman abin da ka ɓoye a bayan haƙoranka. Mutuniyar Jega ce, aure ya kawo ta Zuru. Mijinta Jabiru tela ne, Badakkare, ya musulunta tun yana saurayi, mahaifiyarsa Mama Margaret kuwa tana nan da cocinta, ɗakinta na kallon na Maijidda.

Tsohuwar ba ta da Hausa sai ta gaisuwa, amma ba su taɓa sa-in-sa ba. Abu ɗaya ya hana Maijidda barci. Kowace damina Mama Margaret kan noma wani fili a bayan gida, ita kaɗai, ko jikarta Khairat ba ta yarda ta taɓa fartanya. In kaka ta yi, sai ta ɗaure dami guda na dawa, ta ja shi har ƙofar Maijidda, ta dafa ƙirji, ta faɗi wata kalma da yarensu na C'lela, ta juya.

Maijidda ta ce a ranta, ni za a yi wa? Ko ƙwara ba ta taɓa sawa a baki ba. Kaji take watsa wa, ta tsaya tana jiran ta ga wadda za ta fara faɗuwa. Kajin sai ƙiba suke yi, abin ya ƙara ba ta tsoro, ta ce lallai asirin na mutum ne.

Ta tare mijinta. “Baban Khairat, wagga kalma da Mama ka hwaɗi, mi ta ka nuhi?”

“Babu ita a Hausa,” in ji shi, ya sunkuyar da kai kan keke. “Dawa ce kawai, ki karɓa.”

Ta tambayi maƙwabciyarta Rachel, ta ce kamar kunya ce, amma ba kunya ba. Wata mai sayen waina ta ce tausayi ne, sai kuma ta ce a'a, ya fi tausayi nauyi. Maijidda ta gama haɗa zancenta: gari guda an haɗa baki a kanta. Ta fara ɗaure kayanta a ɓoye, ta ƙudurta in damin bana ya iso ƙofarta, ita da Zuru sai labari.

Bana kuwa tsohuwar da rarrafe ta yi noman, ƙugu ya ƙi. Da damin ya zo, Maijidda ta wuce kai tsaye wurin Baba Ishaya, tsohon soja, ƙanin marigayi surukinta, wanda bakinsa ba ya iya ɓoye magana.

“Baba, ka hwaɗa min gaskiya ko ɗaci gare ta. Zagina ta ka yi?”

Ya sa ta maimaita kalmar. Sannan ya ce, “'Yata, kin san golmo? A wurinmu ba a ɗaukar mace haka nan. Saurayi zai yi shekaru yana noma wa uban yarinya, har uban ya san guminsa. Jabiru bai noma wa babanki ko kunya ɗaya ba, sadaki ya kai, aka kawo ki. Wannan kalma ita ce abin da ke zama a ƙirjin mutum idan ɗiyar wani tana masa girki, tana haifa masa jikoki, gidansa kuwa bai zubar mata da gumi ba. Godiya na ciki, kunya na ciki, da ƙauna. Uwarsa ce take yi masa golmo. Dawar nan ta babanki ce, an ce wa Jabiru ya gaya miki. Kunya ta hana shi, don tsararsa za su yi masa dariya.”

Maijidda ta dawo gida, kajin suka taryo ta a guje kamar kullum. Mama Margaret na zaune a bakin ɗaki, tana shafa man zafi a gwiwa. Da alama ta daɗe tana harhaɗa 'yar Hausarta, domin yau ta ɗago ta ce, “Baba naka, yana ci? Da daɗi?”

Maijidda, wadda ke kama ƙaryar kowa, ta durƙusa ta ce, “Shina ci, Mama. Ya gode.”

Washegari ta kwance kayan da ta ɗaure, ta zuba zangarniyar a buhu, ta nufi tasha. Yaran mota suka ce a ɗora a sama, ta ce ba ta yarda da su ba. A kan cinyarta ta riƙe shi har Jega.