Shirun da Iya ke bari a waƙa

A Jiratawa na girma, a gidan kakarmu Iya. Lokacin sanyi, da an gama cin tuwo, sai mu kewaye murhu tana ɓarar gujiya tana ba mu tatsuniya. Tatsuniyarta ba ta rabuwa da waƙa, kuma tana da doka. Sau ɗaya take koya mana amshi. Daga nan in ta rera baiti sai ta yi shiru, ba ta ci gaba sai mun amsa.

"Ni ba rediyo ba ce," in ji ta. "Kai mijina mai ƙaton kai, in barci kake ji tashi ka ba mu wuri."

Wadda na fi so ita ce ta yarinyar da gulbi ya cika ya raba ta da gida. Ruwan ya ce ba zai janye ba sai ta yi waƙa an amsa mata daga ƙetare. Ta rera, manya suka ji, suka ce shirmen yara ne. Sai yara masu korar tsuntsaye a gona suka amsa. Kowane amshi ruwa ya ragu, har ta taka ta wuce.

Hadiza, ɗiyar ƙanwata, ba ta tarar da Iya ba, a bakina ta ji wannan. Ita ce ke gabatar da shirin yara a tele a Maraɗi. Da ta fitar da faifan waƙoƙinta na farko, kiɗan zamani da gita, sai ta bi dokar Iya, ta bar gurbin amshi. Samarin gari suka ce mai ɗaukar murya ne ya manta da rabin waƙar. Har wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko ni ya yi ta dariyar abin, bai san ko ni wane ne ba.

Ta zo gida ta zauna bakin tabarma. "Kawu, na bar waƙa. Na ji kunya."

Na ce ta bari mu dawo daga sunan da za a yi a Tsibiri tukuna.

A gidan sunan wani ya kunna waƙar a lasifika. Da aka zo wurin shirun, yaran da ke wasa a ƙofar gida suka amsa baki ɗaya. Zuwa baiti na uku har matan da ke tuƙa tuwo sun shiga. Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ina yaro na ɗauka Iya tana shirun ne don ta kama mai gyangyaɗi. Sai yanzu da furfura na gane rabin waƙar take ba mu, mu ma mu zama masu ita. Hadiza ta koma ɗaukar sabbin waƙoƙi, kuma ta ce gurbin nan ba za ta cike shi ba.