Ranar da fitsarina ya koma baƙin shayi

Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko Amurka na tafi, a'a. Gadon asibiti na tafi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nazifi, ɗaukar falanki nake yi a kasuwar Katako. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah Ya ba ni jiki. Jikin ne ya sa Koci Pam, da ya zo sayen katako, ya ce in same shi a fili a Jos Jarawa. Ƙwallon Amurka yake koyarwa, wadda ake rungumewa a gudu ana bangazar juna. Shi ya taɓa bugawa a can.

Kullum bayan atisaye sai ya ce mana: "Akwai wanda ake kiran sunansa ranar zaɓen 'yan wasa, a talabijin, a sa masa hula. Ni ba a kira ni ba. Sai da aka watse aka buga mini waya. Irinmu ne ke cike ƙungiya. Mu ake turewa a atisaye don manya su gwada ƙarfi, mu ake saki a guje in an doka ƙwallo. Wanda aka zaɓa in ya ji ciwo, za a jira shi. Kai da ba a zaɓa ba, ka ɗingisa sau ɗaya, gobe jakarka na bakin ƙofa."

Na haddace maganar nan kamar karatu.

Sai aka ce wasu za su zo su ɗauki bidiyonmu su aika wa ƙungiyoyin ƙasar waje. Saura sati biyu. Na ninka komai. Safe falanki, la'asar fili, daga nan in hau dutse da buhun yashi a kafaɗa.

Cinyoyina suka kumbura suka yi tauri kamar icen maɗaci. Na ce ƙarfi ne ke shiga.

Ranar wata Alhamis na zaga bayan rumfarmu in yi fitsari. Abin da ya fito baƙi ne, kamar shayin da ba madara. Na tsaya ina kallonsa. Wallahi har na waiga, kamar wani ne ya yi ba ni ba.

Na kwara ruwa a kai. Na je kemis na sayi maganin ciwon jiki, na haɗiyi biyu, na tafi fili. Ban ɗingisa ba.

Kwana uku a haka, sai fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya.

Umma ce ta kama ni. Ta ce, "Nazifi, butar da na cika maka jiya tana nan yadda take. Kuma dubi fuskarka, idonka ya shige." Na buɗe baki in ce ba komai, sai amai.

Ogana ne ya kai ni asibiti a motar katako.

Aka ɗebi jini, aka sa mini robar fitsari, aka rataya ƙarin ruwa. Likita ta dawo da takarda ta ce, "Kwana nawa kana ganin baƙin fitsari?" Na ce uku. Ta ajiye biro ta ce:

"Naman jikinka ne ya narke ya shiga jini, ya toshe ƙoda. Maganin da ka sha kuma ya ƙara."

Nama yana narkewa? Ni da nake ɗaukar falanki huɗu a kai? Na ce likita ko takardar wani ce. Ta ce, "Taka ce. Sai an yi wankin ƙoda."

A wuya aka huda ni. Ina kwance ina kallon jinina yana fita ta roba, ya shiga inji, ya dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wankin nan akwai tsada, jama'a. Umma ta sayar da keken ɗinkinta, 'yan rumfa suka kawo abin da ya samu.

Sau uku aka yi. Umma kuma ta tare a gefen gado, idonta a kan jakar fitsari. Ranar da ruwan ya fara saukowa rawaya ta miƙe ta ce, "Nas! Zo ki gani, ya yi fitsari!" Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ita tana hawaye.

Ranar bidiyo ta wuce ina kwance.

Washegari Koci ya zo. Na ce masa, "Koci, ban ɗingisa ba fa."

Ya zauna a bakin gadon. Sannan ya naɗe wando. Tabon ɗinki tun daga gwiwa har ƙauri. Shekara guda ina lura ba ya gudu, kuma a karkace yake hawa mataki, na ɗauka yanga ce.

Ya ce, "Rabin labarin na ba ku. Ni ma na ɓoye, wata biyu ina haɗiyar magani. Duk da haka suka ajiye mini jaka. Na dawo gida ba ƙungiya, ba gwiwa. Ka yafe mini, ɗana."

Wannan ta fi maganar likita girgiza ni.

Yanzu Alhamdu lillahi, gwajin ƙarshe ya nuna ƙodata ta dawo aiki. Na gode wa Allah, na gode wa Umma, da likita da nas-nas, da ogana, da duk wanda ya yi addu'a, na masallaci da na coci.

'Yan'uwana masu motsa jiki, ku sha ruwa. Kada ku ninka atisaye rana ɗaya. In fitsari ya canza kala ko ya ragu, asibiti, ba kemis ba.

Likita ta hana ni ɗaukar nauyi tukuna, amma ina zuwa fili. Ina zama a benci da jarkar ruwa, duk wanda ya zo sai na tambaye shi kalar fitsarinsa kafin ya shiga. Sun sa mini suna Dakta Fitsari. Ba na fushi.

Jiya wani ƙato ya sunkuyar da kai da na tambaye shi. Na ce ɗauko jakarka, ni zan raka ka asibiti.