Makaɗan Garejin Mma

Shekarar da na je karatu Landan, a Tottenham na sauka, gidan wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da kowa ke kira Mma. Tagar ɗakina tana kallon wani tsohon gareji, inda ɗanta yake buga ganga tare da abokansa Turawa uku.

Ranar da na fara jin su, na zaci faɗa ake yi. Na leƙa, sai ga samari gashi a tsaitsaye kamar ƙayar bushiya, riguna a yayyage, ɗaya yana ihu har jijiyoyin wuyansa sun fito. Punk suke kiran abin.

"Mma, lafiya kuwa?"

"Rabu da su, ɗiyana," in ji ta, da Hausarta ta zango da ba ta raba mace da namiji. "Ka zo ka ci shinkafa da wake. In sun gaji za su bari."

Ba su bari ba, sauyawa suka yi. Sanyi na wucewa aka aske gashin, aka sa kwat, ihun ya koma waƙa. Gangar tana nan da zafinta, amma yanzu muryoyi uku ke hawa kan juna, da wani zaƙi mai sa mutum kewar abin da bai taɓa gani ba. Da la'asar in na dawo daga makaranta a Bloomsbury nakan kishingiɗa, yayyafi na gangarowa a gilashi, waƙar na ratso bango, har in kasa rabe barci da farke.

Na tambayi ɗan Mma me ya canza su. Yana jin Hausa, amma da Turanci yake amsawa. Ya ce sun gaji da fushi ne kawai, kuma mawaƙinsu ya yi budurwa.

Faifai ɗaya suka fitar. Wata Asabar da hantsi aka sa shi a rediyo, Mma tana suyar kifi. Ta tsaya cak da cokali a hannu har kifin ya ƙone.

"Gangan nan ɗana ne!" take faɗa wa maƙwabta ta taga.

Ba mu sake jin sa a rediyo ba. Masoyansu na da suka ce sun yi laushi, sababbi kuma ba su zo ba. An sa musu ranar wasa a wani zaure a Old Kent Road, aka soke. Babu wanda ya yi faɗa da wani. Haɗuwar ce ta yi ta raguwa. Mawaƙin ya koma garinsu, ɗan Mma ya kama tuƙin bas.

Na sake ganin su huɗun bayan shekaru, ranar sunan 'yar fari ta ɗan Mma. Mma ta ɗinka wa Turawan manyan riguna, suna ta faman naɗe hannu kada ya shiga miya. Babu wanda ya ce su yi kiɗa. Aka miƙa wa mawaƙin jaririyar, ya rungume ta a kujerar bakin hitar ɗumama ɗaki, kafin a kawo shayi su biyun sun yi barci.