Fuskar Ilarie a Bayan Gilashi

Saveta ba ta taɓa kiran kanta mai zane ba. A ƙauyensu da ke duwatsun Apuseni, duk matan zuriyarsu sun iya zana waliyyai a bayan gilashi, kamar yadda suka iya kwaɓa burodi. Aikin a juye yake: ido da baki ake fara sawa, sannan riga, launin baya ya zo ƙarshe ya rufe komai.

Da kamfanin haƙar tagulla ya fara zubar da dagwalonsa a kwarin da ƙauyen yake, jar laka ta ci gonaki, ta ci coci, ta ci maƙabarta da kabarin mijinta Ilarie a ciki. Bai bar hoto ko ɗaya ba, mutum ne mai gudun kyamara. Saveta ta ciro gilashin tagar tsohon gidansu ta zana shi, da gashin bakinsa da karkataccen hancinsa, tun fuskar ba ta kuɓuce mata ba. Launin baya kuwa, don tsabar haushi, lakar nan ta ɗebo ta kwaɓa da kwanduwar ƙwai, yadda ake yi wa kowane launi.

Ruxandra, 'yar ƙaninta mai koyarwa a birni, ta gani ta nace.

"Gwaggo, ara min shi. Za a yi taro a Cluj kan dagwalon nan. Shekara goma muna surutu, ba mai ji."

"Kawun naki da ko kasuwa sai an ja shi, shi za ki kai birni?"

"Sati uku kawai, na rantse."

Wata biyu zanen ya yi a can. Lakar tana da guba, abin da bai zo wa Saveta a rai ba, kuma a hankali ta cinye fentin da ke manne da ita. Mutanen birni suka yi ta tafi, manyan malamai suka ce ai nufin mai zanen ke nan, a ga yadda guba ke share mutum. Har jarida ta buga.

"Gwaggo, kin girgiza su!" in ji Ruxandra tana kwance ƙunshin.

Saveta ta duba. Riga ce da hula, tsakaninsu jan tabo. Kukan da ba ta yi ba ranar da laka ta rufe kabarin, ranar ta yi shi.

A cikin makon ta zana fuska huɗu. Duka kyawawa ne, amma babu Ilarie a cikinsu.