Kakin Bube a Cikin Dawa

Bube Bafulatani ne daga wata ruga bayan Dudunni. Dogo ne, siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Cikin shanu ya taso. Shekarar da aka kore garkensu kaf, ya sauko Kankia da sandarsa, ya samu gadi a wata makarantar kuɗi da ke jikin shagon da nake wanki da guga. Matarsa Iyatu da yara ya bar su ruga, yana leƙa su ƙarshen mako. Ya daɗe yana gadin nan cikin shuɗiyar rigarsa da malafa, ko guntun alli ba a taɓa ɗauka ba.

Sai mai makarantar ta gaji, ta miƙa wa ɗanta Abdullatif, wanda ya dawo daga Abuja da idon ganin laifin tufafi. Malamai maza ya raba su da silifa. Mata ya ce hijabi ruwan toka kowa da kowa, suka koma kamar kurciyoyi a bakin rijiya. Da ya iso kan Bube sai ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, in iyaye suka gan ka haka ai sai su ɗauka kiwo muke koyarwa."

Aka ɗinko masa kaki ruwan ƙasa da sunan makaranta a aljihu, aka haɗa da baƙar hula da takalmi irin na soja. Bube ya riƙe kayan nesa da jikinsa kamar an miƙo masa garwashi.

"Ranka ya daɗe, mutanen daji ba su tsayawa karanta aljihu. Kaki kawai suke gani."

"Nan gari ne, Baba. Wanda bai sa ba, ga hanya."

Ya sa. Amma duk ranar tafiya ruga sai ya shigo shagona ya tuɓe, ya maida shuɗiyar rigarsa. Ina ce masa, "Janar, yau ina aka ci da yaƙi?" Shi kuma ya ce, "Kaɗo, ja gawayinka ka yi shiru."

Wata rana ƙarshen damina, dawa ta fi mutum tsawo, bayan azahar aka kira shi a waya: maciji ya sari ɗiyarsa Hawwa'u. Ina gani ya fito a guje ya haye bayan ɗan kabu-kabu. Na ɗaga rigarsa ina ihu, "Bube! Rigarka!" Ina, sun sha kwana.

Sauran labarin daga bakinsa na ji.

Sun bar kwalta, sun shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, sai ga mata suna gudu da goyo, wata ko kallabi babu.

"Ku koma! An ga baburan mutanen daji a bakin rafi!"

Ɗan kabu-kabu ya taka birki, ya waiwayo, a lokacin ya kalli abin da ya ɗauko da kyau.

"Baba, don girman Allah sauka. Da kayan nan ba kai kaɗai za su kashe ba."

Ya sauke shi ya juya. Bube ya faɗa cikin dawa. Ya ɓalle maɓallai, ya tona rami da farce a tsakanin kunya, ya tura kakin da hula da takalmi, ya rufe da ƙasa. Ya rage daga shi sai singileti da gajeren wando. Bai gama ba ya ji ƙugin babura. Ya kwanta rubda ciki, cinnaku na cin cinyarsa bai isa ya sosa ba. Suka wuce kusa da shi har yana jin warin hayaƙinsu da dariyar wani daga ciki.

Da ƙarar ta ɓace ya miƙe ya yanki gona, zuciyarsa na wurin Hawwa'u. Yana ɓullowa bayan wani ƙauye ya yi kiciɓis da 'yan sa-kai, riguna duk layu, da adduna da bindigogin toka, sun fito bin sawun baburan.

"Ga ɗaya nan!"

To ku duba abin da suka gani: dogon Bafulatani, ba riga, ba takalmi, jiki duk ƙasa, ya fito daga inda ɓarayi suka bi yanzun nan.

"Kai wane ne? Ina rigarka?"

"Maigadi ne ni, a Kankia."

"Maigadi tsirara? Ina katinka? Ina wayarka?"

Suna aljihun kaki, kaki yana cikin rami. Tsoro ya sarƙe masa harshe, Hausar ta gudu, ya kama rantsuwa da Fillanci, abin ya ƙara lalacewa. Wani matashi ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya, ya ce a gama da shi a wuce. Babbansu, wani dattijo mai furfura, ya ce a dakata.

"In da gaske kake, kai mu inda ka binne."

Suka ɗaure masa hannu da igiya suka tasa shi gaba. Ita kuwa dawa ba ta da fuska. Kowace kunya irin 'yar uwarta ce. Ya shiga nan, ya fita can, ya tona wuri biyu ba komai sai saiwa. Matashin nan na bayansa yana cewa, "Wallahi wurin 'yan uwansa yake jan mu." Bube ya ji an ɗana kunamar bindiga. Ya fara kalmar shahada a hankali.

Sai ya roƙi a maida shi bakin hanya. A nan, cikin danshin ƙasa, ya ga sawun takalmin soja ya shiga gona. Nasa ne. Ya bi shi a durƙushe har inda ya ƙare, ya tona da ɗaurarrun hannuwa, baƙar hula ta leƙo.

Dattijon ya karkaɗe kakin, wani ya karanta aljihun, suka fashe da dariya. Aka kwance shi.

"Sa abinka, mu raka ka."

"Baba, bari in riƙe a hannu."

"Akwai wasu namu a gaba, su ba su tambaya. Sa."

Haka Bube ya shiga rugarsu da la'asar, cikin kaki da hula, 'yan sa-kai na dama da hagunsa. Hawwa'u na da rai, ƙafar ta kumbura, aka ɗora ta a babur zuwa asibiti. Amma ba wanda ya yi masa sannu da zuwa. Mata suka shige bukka. Yayansa Modibbo ya ja shi bayan garke, inda babu komai sai turaku.

"Kowa ya gan ka, Bube. Kafin gobe mutanen daji sun ji ka zama na 'yan sa-kai. Kwashi iyalinka tun rana ba ta faɗi ba."

Suka fito da abin da kai zai iya ɗauka. Yanzu suna wani ɗaki a bayan makaranta. Hawwa'u ta warke, har ta shiga aji. Bube kuwa ko kasuwar Kusada ya daina zuwa, in babur ya tsaya a bakin ƙofa sai ya fara leƙawa ta ramin katanga kafin ya buɗe.

Bara Modibbo ya rasu. A waya Bube ya yi ta'aziyya, yana tsaye a bakin ƙofar makaranta, yana jin muryoyin masu ɗaukar gawa suna nisa.