Aaltje da Bangon Falonta

Wai gidan Aaltje ne ke shirin kifewa cikin ruwa, shi ya sa kullum da la'asar take manna bayanta da bangon falo tana tokare shi, hannuwa sama kamar wadda ɓarayi suka tare. Wasu suka ce har Douwe, mijinta, yana karɓarta in ta gaji. A shagon burodi na ji an ce ranar da ta yi atishawa sai da gidan maƙwabta ya karkace.

Ƙarya ce tsagwaronta, gida na nan daram. Aaltje ce ta karkace, ni kuwa taubashinta ne, uwata da ubanta ciki ɗaya, don haka ba wanda ya fi ni ikon faɗa.

Tun tana budurwa take aiki a rumfar tantance albasar furen tulip da ke bayan ƙauyenmu. Bel ɗin injin na gudu, albasa na wucewa a kansa, ita tana duƙe tana tsince ruɓaɓɓu. Albasar da ta bi ta hannunta, in aka jera, sai ta kai duniyar wata ta dawo da saura. A haka wuya ya yi ta miƙewa gaba kamar na kunkuru, kafaɗu suka nannaɗe, ƙeya ta fara ƙin juyawa. Ba ta ce wa kowa komai ba, mu nan ciwo ba abin hira ba ne. Sai ranar da za ta karya kwana a kan keke, ta nemi waiwayawa wuya ya ce bai san zancen ba. Tarakta ta wuce ta gefenta da tazarar gashin gira, ita kuma ta tsinci kanta a ramin ruwan gefen hanya, agwagi na kallonta.

Likitar gashin ƙashi, wata yarinya da ba ta kai sa'ar 'yarta ba, ta gaya mata gaskiya: ko ta riƙa motsa jikin nan kullum, ko ta jingine keke. Aaltje ta tuna uwarta, wadda ta ƙare rayuwa ba ta ganin komai sai takalman mutane, a zaune tana jiran wanda zai kai ta kasuwa. Mace ba keke a ƙauyenmu, inda bas ke zuwa in ta ga dama, ai kaza ce a akurki.

Atisayen da likita ta ba ta ba wuya. Ƙeya, kafaɗu da ɗuwawu su taɓa bango, a ja haɓa ciki, a ɗaga hannuwa a sauke a hankali. "Wane lokaci?" in ji Aaltje. "Duk lokacin da ba za ki tsallake ba," in ji likita, tana murmushi irin na wanda bai taɓa zama a ƙauye ba.

Ga matsalar. Ɗakunan sama duk rufi ya karkato, ba bangon da zai ɗauki tsayin mutum. Kicin kuwa kabad ne ko'ina. Bango ɗaya tal ya rage, na falo, wanda ke fuskantar ƙatuwar tagar titi. Mu kuwa ba ma sakin labule. Yana nan rataye don ado, amma wanda ya ja shi, to akwai abin da yake ɓoyewa.

Ta fara gwada safiya. Jiki a sandare kamar busasshen kifi, ƙeya ta ƙi isa bango, ga ma'aikata na wucewa a kan kekuna, kowa na ɗaga mata hannu saboda ya ga nata a sama. Ta koma lokacin shan kofi a rumfa. Matan suka bar ta ta yi sau ɗaya, sannan ɗaya ta ce, "Aaltje, zauna mana kamar mutane, kofinki na hucewa." A wurinmu ba laifin da ya kai fita daban. Ta zauna, ta ci biskit ɗinta guda ɗaya. Bayan abincin yamma kuwa, ciki cike da dankali da kabeji, ko sarauniya ce ta ƙwanƙwasa ƙofa ba ta iya tashi. Ga fitila a kunne, falo ya zama talabijin ga masu yawo da karnuka.

Ran wata Asabar da hantsi, gajiya ta sa ta yi abin da ba a yi. Ta ja labule.

Ba ta gama ɗaga hannu ba aka danna ƙararrawa. Gwaggo Riek ce, tsohuwar da ke tsallaken titi, sanye da baƙar riga, riƙe da tukunyar miya, idanu jawur. A zamaninsu ba a sakin labule da rana sai an yi mutuwa.

"'Yar nan, sai haƙuri. Yaushe ya cika?"

"Wa?"

"Douwe mana. Dama jiya na ga tafiyar tasa ba daidai ba."

Mamacin ya leƙo daga kicin da burodi a baki. Gwaggo Riek ta dube shi sama da ƙasa, ranta a ɗan ɓace, ta ce to miyar dai a dawo mata da tukunya. Kafin azahar mutum uku sun bugo waya, wani ma ya tambayi ko za a sayar da kwalekwalen marigayi.

Aaltje ta buɗe labule, ta zauna, ta daɗe tana kallon kekenta a jingine a waje. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Lissafi kawai ta yi irin na gajiyayyu: wane lokaci ne jiki ke da ɗumi, kuma ba ta riga ta zauna ba? Ta san kanta, in ɗuwawu ya taɓa kujera, sai gobe. Amsa ɗaya ce, da zarar ta sauka daga keke bayan aiki, kafin ta cire riga, kafin ta taɓa wuƙar firar dankali. Daidai lokacin da 'yan makaranta ke tashi, titi ya cika. Ta ce a ranta, su yi ta kallo.

Haka take yi har yau, fuska a murtuke, idanu a rufe. Wuyan bai miƙe ba, ya dai daina yin gaba. Likita ta ce a ci gaba da hawa keke zuwa bazara, sannan a sake dubawa.

Shekaranjiya na tsaya a bakin tagar, na ƙwanƙwasa gilashi, na ɗaga hannuwana ni ma.

"Taubashiya, sannu da riƙon gida! In kin gaji in kira 'yan kwana-kwana?"

Ba ta buɗe ido ba. Sai da ta sauke hannuwa a hankali, ta gama abinta, sannan ta zo ta tura tagar.

"Wiebe, duk dangi kai kaɗai ke da mota kuma ba ka da aikin yi. Ranar da na jingine keken nan, kai za ka kai ni rumfa da asuba, ka ɗauko ni da yamma, ka kai ni kasuwa ka riƙe mini jaka, har ɗayanmu ya mutu. Saboda haka in za ka tsaya nan, tsaya kana yi mini addu'a. Kuma ka matsa, kana tare wa Gwaggo Riek kallo."