Tsarabar Damazin

Ɗana na fari bai so tafiya haƙar zinariya ba, ko da yake sa'o'insa duk sun watse sun bar ƙauyen. Ya yi aiki a wata gonar kifi kusa da Wad Haddad, ya dawo ya haƙa tafki a gefen gonarmu, inda ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ke wucewa. Ya ce mini in kifin nan ya yi, ba inda za shi. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu.

Ya zuba 'ya'yan karfasa, wadda a nan muke kira bulti, daidai abin da ruwan zai ɗauka. Da na leƙa sai na ga kamar babu komai a ciki. Ya yi dariya ya ce kifi ma yana son wurin sakewa.

Ana nan sai ga yayan mijina daga Damazin, da jarkoki cike da ƙananan kifi da ya sa aka kamo masa a ƙasan dam. Mu ba ma zuwa gidan ɗan'uwa hannu rabbana, kuma ba a mayar da tsarabar babba. Ya dubi tafkin ya ce, "Wanga ruwa duka ba kowa ciki? Zuba, ɗana, albarka cikin yawa take."

"Baffa, ruwan ya cika," in ji yaron, kansa a ƙasa.

Mijina ya harare shi. "Halas, ya isa! Baffanka na magana kana magana?"

Da hannunsa yaron ya juye jarkokin.

Shi ke nan ƙofa ta buɗe. Duk ɗan'uwan da ya je Damazin sai ya dawo da bokiti, kuma sai ya tsaya an zuba a gabansa ya sa albarka. Wa za ka karɓa wa, wa za ka ƙi?

Kifi suka ƙi girma. Wata da watanni suna cin abinci, amma kai ne kawai babba, jiki kamar ganyen darbejiya. Ruwa ya yi kore, ya fara wari. Da safe sai ka gan su a sama, baki buɗe, suna neman iska. Yaron yakan kwaso wasu a ɓoye in soya, amma haihuwarsu ta fi kwasarmu. Da zafi ya tsananta aka rage ruwan tur'a, muka wayi gari tafkin ya yi fari fat, duk sun juya ciki sama. A rami muka binne su.

Yaron bai yi faɗa da kowa ba. Ya ɗaure kayansa ya bi motar masu zinariya zuwa arewa. Yanzu muryarsa kawai nake ji a waya, ita ma sai an dace. Har yau ina jin haushin kunyar nan tamu da ta raba ni da ɗana.

Baffan ya zo jaje. Ya zauna a tabarmata ya ce, "Haka Allah ya so. Kada ku damu, in ya komo sai in kawo mishi wasu."

Na durƙusa na ajiye masa shayi, na ce, "Mun gode, Yaya."